Ɗaga Silo Ba Gyara Ba Ne

'Yan'uwa malamai, akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a motocinmu, har mun daina ɗaukarta a matsayin cuta. Mota tana tafiya lafiya ƙalau muddin ƙafa na kan totur, amma da zarar an ɗage ƙafa a mararraba ko a gaban tudun rage gudu, sai ta fara kyarma, allurar gaban direba ta yi sama ta yi ƙasa, daga nan ta mutu. Kanikawa kan ce silo ba ya zama. Maganin da aka saba yi kuwa ɗaya ne tun daga Gwiwa har Babura: a buɗe bonet, a murɗa noti ko a ja wayar totur, a ɗaga silon har injin ya riƙa ruri alhali mota na tsaye, a karɓi ɗan abin hannu, a ce an gyara. Ni dai na ce ba a gyara ba. An toshe wa mara lafiya baki ne domin a daina jin nishinsa, kuma kuɗin wannan shiru daga albashinmu yake fita kowace safiya.

Mu fara da duba irin motocin da ke harabar makarantunmu. Mafi yawansu 'yan Kwatano ne: Golf 3, Vectra, Peugeot 406, Sharan, tsofaffin Honda da Camry. Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera ta, wato ta girmi da yawa daga cikin sababbin malaman da ake turo mana. Waɗannan motoci sun gama hidimarsu a Turai ko Amurka, a kan kwalta mai tsabta da fetur tatacce, sannan suka zo yin ritaya a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura digiri 40. Babu laifi a kan malamin da ya sayi irinsu, domin iya ruwa fidda kai. Amma tsohuwar mota tana bukatar mai ita ya fahimce ta, kuma fahimtar ba ta fi ƙarfin wanda ke koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ba.

Injin fetur yana rayuwa ne a kan abu uku: iska, mai, da tartsatsin wuta daga fulogi. Iskar da man suna da ma'auni, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna nauyi. Lokacin da mota ke gudu, ƙofar iska a buɗe take sosai, don haka ɗan kuskure a ma'aunin ba ya bayyana. Amma idan aka ɗage ƙafa, ƙofar takan kusan rufewa ruf, injin ya koma numfashi ta wata 'yar ƙaramar hanya, yana juyawa tsakanin sau 700 zuwa 900 a minti. A wannan hali ne kowane ƙaramin aibi ke fitowa fili. Shi ya sa silo ya fi kowane abu faɗin gaskiya game da lafiyar inji, kuma shi ya sa ɗaga shi ya zama ɓoye shaida.

Babban mai laifi a yankinmu ita ce ƙura. Malamin da ke zaune a Kazaure yana koyarwa a Amaryawa ko Korayel, ko wanda ke shiga ƙauyukan Kanya Babba ta hanyar yashi, injinsa na shaƙar ƙasa kullum. Matatar iska ita ce garkuwarsa, amma sau nawa ake sauya ta? Abin da aka fi yi shi ne a kai wa mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi, takardar ta yayyage ta inda ido ba ya gani, ƙura ta samu ƙofa. Wasu ma cire ta suke yi gaba ɗaya wai don injin ya sha iska. Ƙurar nan takan haɗu da tururin baƙin mai ta zama danƙo a maƙogwaron injin da kan ɗan bawul ɗin da ke daidaita silo, ta kuma lulluɓe na'urar da ke auna yawan iskar da ke shiga. Daga nan ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, sai ta fara samun labarin ƙarya, ta riƙa ba da mai a kan ƙarya. Wanke maƙogwaron da sauya matata aikin sa'a guda ne, kuma sau da yawa iyakar ciwon ke nan.

Zafi kuma yana da nasa aikin a ɓoye. A jikin injin akwai ƙananan tiyo na roba da suka shekara ashirin ko fiye suna gasuwa. Idan ɗaya ya tsage, iskar da ba a auna ba takan kutsa, cakudin ya yi ƙarancin mai, silo ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Tiyon da bai kai kuɗin kwanon masara ba yana iya sa a ce wa mutum ya sayi sababbin nozul.

Sai batun fetur, wanda a nan ne aljihu da inji suke haɗuwa. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga naira 30,000 ya koma 70,000 a dokar Yulin 2024. Mai ya ninka kusan sau biyar, albashi bai ninka sau uku ba. Sakamakon haka kowa ya san shi: lita uku yau, lita huɗu jibi, allurar mai kullum tana kwance a kan ja. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a motocin injekta famfon mai yana zaune ne a cikin tanki, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tankin da kullum ƙasansa kawai ke jiƙe yana gajarta ran famfo, kuma a hawan tudu irin na duwatsun Roni, ko a kwana mai kaifi, ɗan man yakan gudu gefe guda famfon ya zuƙi iska, mota ta shaƙe. Lita goma a lokaci ɗaya da lita biyu sau biyar kuɗinsu ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne a wajen famfo.

Game da man jarka, ba na son in yi wa'azin da bai san halin da ake ciki ba. Mutanen bakin iyaka ba su manta da umarnin Hukumar Kwastam na Nuwamban 2019 ba, wanda ya hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, ya ƙara tura jama'a hannun 'yan bumburutu. Kuma ko man gidan mai ba ma'asumi ba ne: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol daga Beljiyam, bayan motoci sun lalace a Legas da Abuja. Duk da haka jarkar da ta yini a rana a bakin titi, ana buɗe ta ana rufewa cikin ƙura, ko ta kwana a waje da damina, ta fi kusa da yashi da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan tanki yake sauka, daidai bakin famfo. Wanda dole ta sa shi shan man jarka, aƙalla ya tace da kyalle mai tsabta, ya kuma riƙa sauya matatar mai a kan kari.

Akwai wata al'ada da na fi jin haushinta, domin ana yin ta ne da sunan hikima. Da zarar mota ta iso daga Kwatano, sai a cire mata tamostat, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Tamostat ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba. Aikinsa shi ne ya kai injin zafin da ya dace, wajen digiri 90, ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, a safiyar hunturu injin kan daɗe bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwar ta ci gaba da ɗaukar cewa yanzu aka tayar da shi, ta yi ta ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, salansa ta yi warin ɗanyen fetur, silo ya rikice. Sai a zo a ɗaga silon a kan wannan, ɓarna a kan ɓarna. Mai motar kuma ya riƙa mamakin yadda man da ya kai abokinsa Kano ya dawo da shi, shi bai wuce Ɗambatta da shi ba a dawowa. Haka nan fitilar gargaɗi ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba: wani ya liƙe ta da baƙin salatif, wani ya sa a cire ƙwan. Da a ce ɗalibi ne ya goge jan biro daga littafinsa ya ce ya ci jarrabawa, mun san abin da za mu ce masa.

Idan da asarar kuɗi ce kawai, da sai a ce kowa da aljihunsa. Amma birkin waɗannan motoci yana samun taimako daga zuƙar iskar injin, sitiyarin mafi yawansu kuma daga famfon da bel ke juyawa. Injin na mutuwa, sitiyari ya yi tauri nan take, birki kuma taku ɗaya ko biyu ya rage masa kafin ya zama kamar dutse. Ku ɗauki wannan ku ɗora a kan titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure, ranar kasuwa, tirela a baya, uwargida da yara a ciki. Motar malami ba ta zuwa aiki kaɗai ba ce. Ita ce motar asibitin unguwa idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Wanda abin ya same shi a kan gudu, kada ya yi ta daddanna birki yana saki, domin hakan ne ke ƙarar da ragowar taimakon. Ya taka sau ɗaya da ƙarfi ya riƙe, ya kunna fitilun haɗari, ya lallaɓa gefe, kuma kada ya zare makulli mota na tafiya, don sitiyari na iya kullewa.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin kanikawa ba. Da yawansu ta ajinmu suka bi, wasu tun kafin su gama firamare rayuwa ta kai su gareji. Iyayen gidansu a kan Peugeot 504 da kafireto suka koyi aiki, inda kunne da sukudireba suka isa, kuma a kan waɗannan motoci har gobe gwanaye ne. Motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa ba a jin ciwonta da kunne kaɗai. Bakanike mara na'ura dole ya yi canki-canka: yau fulogi, gobe kwayil, jibi a aika Ƙofar Ruwa a sayo famfo, daga ƙarshe a ce sai an sauke inji. Sau da yawa kuma mai motar ne da bakinsa ke cewa, “Oga, yi mini dabara in kai ƙarshen wata.” Dabarar ita ce ɗaga silo.

To, ina ruwan ƙungiya? Na san wasu za su ce aikin NUT shi ne albashi da ƙarin girma da fansho, ba bonet ba. Haƙiƙa tushen matsalar can yake. A ranar malamai ta 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman da alawus ga masu koyarwa a karkara da gidaje masu sauƙin kuɗi kusa da makarantunsu, kuma malamai da dama a faɗin ƙasar nan har yanzu jiran cikar alkawarin suke. Malamin da ke da gida kusa da makaranta ba ya bukatar kashe tsohuwar mota a kan hanya kullum. Wannan gwagwarmaya ba za mu sake ta ba. Amma ita ta watanni da shekaru ce, alhali rajistar zuwa aiki gobe da safe za a ja mata layi, kuma mai duba makarantu ba ya rubuta “mota ce ta mutu” a gaban sunan wanda ya makara. Ɗaliban da suka rasa darasin farko su ma ba a mayar musu. Jin daɗin mambobi yana cikin aikin ƙungiya, kuma kuɗin da aka hana zubewa a gareji daidai yake da ƙarin albashi wanda ba sai an yi yajin aiki ba.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na kasuwar Turai tun daga 2001, duk suna da wata kafa mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Idan aka jona mata 'yar na'urar bincike, ƙwaƙwalwar motar kan faɗi abin da take gani da lambobi: P0171 na nufin mai ya yi ƙaranci a cakudin, P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda, P0505 na nuni ga tsarin silo. Ƙaramar irin wannan na'ura, mai aiki da wayar hannu, ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Ba boka ba ce: unguwar da ciwon yake take nunawa, ba gidan ba, kuma masu Golf 3 da motocin kafireto galibi ba za su amfana da ita ba, sai dai su koma ga matata da tiyo da fulogi. Amma ga sauran, takan raba mutum da sayen abin da bai lalace ba.

Shawarata ga shugabannin reshe ita ce a fitar da kuɗi daga asusun jin daɗin mambobi a sayi guda huɗu, ɗaya ga Kazaure, ɗaya ga Babura, ɗaya ga Roni, ɗaya ga Gwiwa, a damƙa kowace a hannun malamin kimiyya ko na fasaha, tare da littafin da za a riƙa rubuta lambar da ta fito da gyaran da ya yi aiki. Sannan a rubuta wa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, a roƙi wani malaminsu na injiniya ya ba mu yinin Asabar guda a lokacin hutu. A gayyaci kanikawan da muka fi kai wa aiki su zauna tare da mu a wannan zama, domin na'urar da bakanike ke ganin ta zo ƙaryata shi ba za ta yi amfani ba, sai wadda ya iya karantawa da kansa. Ina roƙon sakataren reshe ya sanya wannan cikin ajandar zama mai zuwa, kuma duk wanda zai zo da motarsa ranar, ya ɓare salatif ɗin da ke kan fitilar tun daga gida.