Sharhi: Dogon layi a asibiti, lalacewar ƙasa ce ko ƙarancin ma'aikata?

Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, wadda aka fi sani da FMC, ta daɗe da wuce zama asibitin mutanen Keffi kaɗai. Tun bayan kafa ta a shekarar 2000 take karɓar marasa lafiya daga Kokona da Akwanga da Nasarawa, da kuma ɗimbin jama'ar Mararaba da Masaka, waɗanda tsadar haya ta koro daga Abuja. Ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke garin, ga kuma waɗanda haɗari ke rutsawa da su a babbar hanyar Abuja zuwa Lafiya. Jama'ar yankin sun ƙaru da saurin da yawan ma'aikatan lafiya bai kama ba.

Koken da ake ji a bakin masu zuwa asibitocin gwamnati a ko'ina cikin ƙasar nan kusan ɗaya ne: a yi sammako a yanki kati, a zauna har azahar kafin a ga likita, a yi tambaya a sami amsa cikin tsawa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ƙasa ta lalace, a kawo misalin Ingila ko Saudiyya, inda ake cewa ana mutunta mara lafiya. Koken gaskiya ne, amma hukuncin yana bukatar a sake dubawa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Nijeriya na da kimanin likitoci 4 ga kowane mutum 10,000, alhali Birtaniya na da kusan 30. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200. Likitan da ya kwana yana aiki, gari ya waye ya tarar da layi har bakin ƙofa, da wuya ya sami natsuwar sauraron kowa yadda ya kamata. Wannan ba uzuri ba ne ga mai wulaƙanta jama'a, domin akwai masu mugun hali ko da aiki bai yi musu yawa ba. Sai dai tsarin SERVICOM, wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2004 don kyautata mu'amalar ma'aikata da jama'a, yana iya karɓar ƙorafi ya ja kunne, amma ba shi da ikon ƙara ko ma'aikaciyar jinya guda a ɗakin haihuwa.

Abin lura shi ne, ƙasar da aka fi kafa misali da ita tana irin wannan kukan. A watan Satumbar 2023, jerin masu jiran magani a asibitocin gwamnati na Ingila ya kai kusan miliyan 7.7. Likitoci masu neman ƙwarewa sun yi ta yajin aiki a 2023 da 2024, kuma Wes Streeting, da kama aikinsa na sakataren lafiya a watan Yulin 2024, ya fito fili ya ce hukumar NHS ta karye. Jaridun can suna danganta wannan da koma-bayan Birtaniya, kamar yadda ake yi a majalisun hira na Keffi.

Bambancin yana wajen maganin da kowa ya nema. Birtaniya ta cike giɓinta da kuɗi, ta ɗebo ma'aikata daga waje, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi ba ta ma'aikatan jinya, tare da Indiya da Filifin. Hakan na faruwa duk da cewa Nijeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai dace a je neman ma'aikatan lafiyarsu ba. Ƙa'idar ta hana zuwa farautar ma'aikata ne kawai, ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba. Saboda haka, fara'ar da ɗan Nijeriya ke yabawa a asibitin Landan, sau da yawa fara'ar ɗan ƙasarsa ce wanda aka horar a Zariya ko Jos.

Akwai kuma hijirar cikin gida, wadda ta fi shafar gari irin Keffi. Ma'aikaci kan bar asibitin ƙauye ya koma na jiha, ya bar na jiha ya koma na tarayya, daga nan ya hango Abuja, mai nisan kilomita 50 ko kusa da haka. Idan ƙaramin asibitin ƙauye ya zama babu kowa, mai zazzabin cizon sauro sai ya nufi asibitin da aka gina don manyan cututtuka, layi ya ƙara tsawo.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. An ninka gurbin ɗaukar ɗaliban likitanci daga 5,000 zuwa 10,000, kuma a watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan hijirar ma'aikatan lafiya. Amma horar da likita na cin aƙalla shekara shida. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne maye gurbin wanda ya tafi nan take, bukatar da Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta sanya a gaba a yajin aikinta na Yulin 2023, saboda yadda neman izinin ɗaukar ma'aikata ke cin watanni a ofisoshin Abuja. Batun kuɗi kuwa yana nan inda yake: a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kason da kasafin tarayya ke ba ta har yanzu bai kai rabin haka ba.