Masu cewa kiɗa na kashe baiti, ku saurari Sahara Blue

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wai rubutacciyar waƙa da zarar an sa mata kiɗa ta zube, ta tashi daga adabi ta koma abin rawa. Ba mu yarda ba. Wanda ya guji kiɗa saboda addini, wannan fage ne daban, ba da shi muke ba. Muna magana ne da masu kafa hujja da adabi, kuma shaidarmu faifai ne da ya fito a 1992 mai suna Sahara Blue.

Hector Zazou, makaɗin Faransa haifaffen Aljeriya, shi ya ɗauko waƙoƙin Arthur Rimbaud ya shimfiɗa musu kiɗa. Sunan mawaƙin ana furta shi kamar Rambo, amma ba na fim ba. Ya gama rubuta waƙoƙinsa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi watsi da alƙalami, daga baya ya koma fataucin gahawa da bindigogi a Harar ta ƙasar Habasha, ya rasu a 1891 yana da shekara 37. Waƙoƙinsa masu wuyar sha'ani ne ko ga Bafaranshe. Irinsu ne ya kamata kiɗa ya kashe in da maganarku gaskiya ce.

To me ya faru? A mafi yawan faifan kiɗan a hankali yake tafiya, kamar hazon hunturu, yana bayan murya ba ya shan gabanta. Gérard Depardieu, ɗan fim, karanta nasa ya yi, bai rera ba. Akwai John Cale, akwai Khaled na Aljeriya, akwai Ryuichi Sakamoto na Japan. Wasu waƙoƙin da Faransanci, wasu an juya su zuwa Ingilishi da wasu harsunan. Ko ba ka jin ko ɗaya, kana gane inda mai karatu ya ja numfashi, da kalmar da aka bari ta tsaya ita kaɗai, da shirun da aka ajiye bayanta. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu jin Faransanci kuwa, ribarsu biyu.

Mun san daga inda ƙorafin ya samo asali. A situdiyo da yawa kiɗa ake fara haɗawa, sannan a cusa kalmomi ko sun shiga ko ba su shiga ba, a bi muryar da na'ura har sai ma'ana ta ɓace. Laifin makaɗin da bai karanta waƙar ba ne. Kuma tun yaushe waƙar Hausa ta zama ta ido kawai? Imfiraji ta Aliyu Namangi da baki ta zaga ƙasar Hausa. Ba ganga, gaskiya ne, amma kunne aka rubuta wa.

Faifan ba ya rasa abin suka. Harar gari ne na kan tsaunuka, ba Sahara ba, sunan ya yi kama da ɗabi'ar nan ta Turawa ta haɗa Afirka duka a buhu ɗaya. Baƙin ma sun yi yawa, wani wurin sai ka ji kamar taron suna.

Amma ga abin da muke zargin yana damun wasunmu. Kiɗa mai ƙarfi rufin asiri ne, takarda ma haka, domin ido na tsallake kalma. Kiɗa mai sanyi ba ya rufa wa kowa. Ɗauki baitocin da muke sakawa kullum, a karanta su a hankali irin na Depardieu, nan take za a ji “lallai” da “tabbas” da “haƙiƙa” da muka cusa don cike ɗango, da kalmar da ba abin da ya kawo ta ƙarshen layi sai neman amsa-amo.