Na'urar Gyara Zama Ba Ta Fahimci Ciwon Baya Ba

Duk mai yawo a shagunan intanet ya ci karo da su: 'yan ƙananan na'urori irin Upright Go da ake mannawa a gadon baya, da zarar mutum ya ranƙwafa sai su girgiza su tuna masa ya miƙe. Masu kwana a gaban kwamfuta ne manyan kwastomominsu. Kasuwar kuwa babba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen su kai miliyan 843 nan da 2050.

Matsalar tana cikin tunanin da aka gina manhajar a kai. Na'urar tana auna karkatar jiki, ta kwatanta da wani ma'auni da aka saita, in ya wuce sai ta yi ƙorafi. Layi kaɗan ne na lamba, ko ɗan koyo zai rubuta shi kafin shayi ya huce. Amma wannan lissafi ya ɗauka cewa zama madaidaici guda ɗaya ne, kuma kauce masa shi ne cuta.

Bayan mai lafiya ba haka yake aiki ba. Idan mutum ya sunkuya sau 20 ya ɗauki abu, ba zai maimaita motsin iri ɗaya sak ba. Ƙasusuwa 5 na ƙasan baya da tsokokin da ke kewaye da su suna raba nauyin daban-daban kowane karo, don kada waje ɗaya ya riƙa shan wahala shi kaɗai. Ga wanda ciwonsa ya haura wata 3 kuwa, wannan sassauci yakan canza. Da yawa sukan ɗaure jiki saboda tsoron zafi, su riƙa motsi kamar sanda. Har ma an gano cewa tsokar baya da kan saki idan mai lafiya ya sunkuya gaba ɗaya, a wurin masu ciwon sau da yawa takan ci gaba da ɗaurewa. Sai dai ba kowa ba ne: Jaap van Dieën na Amsterdam da abokan aikinsa sun bayyana a 2019 cewa wasu na matse motsi fiye da kima, wasu kuma nasu ya yi sako-sako. Ciwo ɗaya, hali biyu masu karo da juna.

To, wanda ya riga ya sandare, me girgizar na'ura za ta ƙara masa in ba tsoron sunkuyo ba? Ya ba da kuɗinsa ne a tsawata masa kan abin da ya kamata ya sake koya.

Masu kare na'urorin za su ce ai akwai na asibiti masu inganci. An gwada su. A gwajin RESTORE da aka yi a Ostareliya kan mutum 492, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2023, likitocin gashi sun koya wa marasa lafiya yin motsi ba tare da fargaba ba, kuma hakan ya fi kulawar da aka saba bayarwa amfani sosai. Amma waɗanda aka haɗa musu da saƙonnin na'urar auna motsi ba su fi sauran samun sauƙi ba. A ƙarshen shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a daina dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu ga irin wannan ciwo, ta fifita motsa jiki da wayar da kai.

Apple Watch, da ke cewa mutum ya tashi in ya kusa cika awa a zaune, ya fi kusa da gaskiya, duk da bai san komai game da kashin baya ba. Masu gina manhaja da ke son shiga wannan fanni suna da abin auna motsi a cikin kowace waya. Abin da ya cancanci ƙirgawa shi ne minti nawa mutum ya yi bai sauya zama ba.