Babbar hanyar Abijan zuwa Legas: ina rabon ɗan kasuwar Nijar?

Ƙungiyar CEDEAO da Bankin Raya Afirka sun daɗe suna shirin shimfiɗa babbar hanya mai layi shida daga Abijan zuwa Legas, kilomita 1,028, wadda za ta ratsa Akara, Lome da Kotono. Aikin zai sauƙaƙa jigila tsakanin tashoshin jiragen ruwan ƙasashen biyar.

Sai dai hanyar bakin teku take bi, daga yamma zuwa gabas. Nijar kuwa ba ta da teku, kuma shinkafa, magunguna da kayan gini daga kudu suke hawowa. Hanyoyin da suka fi shafarmu su ne Kotono zuwa Gaya ta Paraku, da Lome zuwa Yamai ta Burkina Faso.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe gadar Malanbil. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci suka koma bin Kaya, Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Kowace rana da direba ya kwana yana jiran ayari, kuɗinta kan buhu yake ƙarewa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka kwalta kaɗai ba ta sauke farashi. Muddin ba a gyara hanyoyin da ke haɗa tashoshi da arewa ba, aka samu tsaro da sulhu a kan iyaka, ribar sabuwar hanyar a bakin teku za ta tsaya.