Shinge Mai Rai Ya Fi Shingen Ƙaya

Malam manomi, idan ka taɓa renon irin tumatir ko furannin ado a Bauchi, ka san ba ƙarancin ruwa ne kaɗai abokin gabarka ba. Da zarar an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata biyu kafin azahar. Daga nan sai rigima da maƙwabci, wani lokaci har gaban mai unguwa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Amurka barewa ce ke addabar masu lambun furanni. Sun lura tana son wani fure mai buɗewa na yini ɗaya kacal, amma ba ta cika taɓa wanda suke kira airis ba, don haka sukan dasa airis a gefe, su ɓoye mai daɗin a tsakiya. Namun dajinmu suna can Yankari, akuya ce barewarmu. Amma darasin ɗaya ne: kewaye abin da dabba ke so da abin da ba ta ci.

A ra'ayina, lokaci ya yi da za mu daina saran magarya da bagaruwa kowace shekara don yin shinge. Itatuwa na ƙarewa, darnin kara gara ke cinye shi, waya kuwa ta yi tsada. Cindazugu shi ne mafita, domin dabbobi ba sa cin ganyensa.

A watan Afrilu, gab da faɗuwar damina, yanko rassa masu ƙwari, tsawon santimita 50, ka dasa su a jere, tazarar santimita 20. Kada ka cire tsohon darni sai bayan damina biyu. Idan tsirin ya kai mita ɗaya, datse kansa don ya yi rassa. Ta ciki kuma jera lalle: zai toshe kafofin da 'yan awaki ke kutsowa, ganyensa kuma kuɗi ne a kasuwa.

A kula: 'ya'yan cindazugu guba ne, a tsinke su kafin yara su kai gare su.

Kai kuma malamin gona, kafa shinge ɗaya a yankinka bana, ka bar manoma su gani da idonsu. Gani ya kori ji.