Na'urar Gano Cuta A Bakin Iyaka: Maraba, Amma Da Sharaɗi

A shekarar 2001, an zuba garin ƙwayoyin cutar antirakis, wadda makiyayanmu ke kira ciwon saifa, cikin wasiƙu aka aika da su ta gidan waya a Amurka. Mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu. Tun daga nan masana suka ƙara duƙufa wajen ƙera ƙananan na'urori da ma'aikaci zai ɗauka a jaka, ya gwada ƙura ko jini nan take, ba sai an kai babban birni ba.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Konni ko Jibiya? Da ruwansa. Na'urar nan ba ta tambayar ko mugu ne ya baza cuta ko saniya ce ta shigo da ita. Kuma hukumar da ba ta da hanyar gwaji, abin da ta sani shi ne kulle ƙofa. A 2014, da Ebola ta ɓulla a Legas, Kamaru ta rufe iyakarta da Nijeriya. Mai lodin albasa ya san abin da rufe iyaka ke jawowa. A 2023 kuma, ciwon saifa ya bayyana a arewacin Gana da Suleja, har aka gargaɗi jama'a kan cin ganda.

Don haka muna kira ga hukumomi da su wadata manyan kasuwannin iyaka, musamman kasuwannin kara, da waɗannan na'urori. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, na'ura tana kuskure. A 2002 gwamnatin Amurka da kanta ta gargaɗi ma'aikatanta kada su dogara da gwajin hannu kaɗai. Saboda haka kada a ƙone kayan bawan Allah sai ɗakin bincike ya tabbatar. Na biyu, a damƙa aikin ga malaman lafiya da likitocin dabbobi, kyauta, kada ya zama wani sabon shinge na karɓar na goro.

Mu ma da namu nauyin. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki, kada a feɗe ta, kada a sayar da fatarta. A kira malamin dabbobi. Asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi a kan asarar kasuwa sukutum. Allah Ya kiyaye mu.