Nas ma tana komawa aji

Da yawanku in muka tambaye ku me kuke son zama, sai ku ce likita, ko nas, ko ungozoma. Madalla. Amma kada ku ɗauka ranar yaye ɗalibai ce ranar bankwana da littafi.

Ku dubi zazzaɓin cizon sauro. Iyayenmu da kulorokwin suka tashi, har ƙwayar cutar ta daina jin sa, a 2005 Najeriya ta koma ga haɗin maganin da ake kira ACT. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, mai kare su daga sankarar bakin mahaifa, wataƙila ma wasunku sun karɓa. A Disambar 2024 kuma rigakafin maleriya ya soma a Kebbi da Bayelsa. Nas ɗin da ta gama makaranta a shekarun 1990 ba a koya mata ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba za ta kulle asibitin ƙauye ta koma aji na shekara uku ba.

Gajerun kwasa-kwasai ke cike wannan giɓi. Abu guda ake ɗauka, a koyar da shi cikin kwanaki ko makonni, a gwada mutum, in ya iya a ba shi takardar shaida. Wanda ya fi burge mu shi ne na ceton jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba. Minti ɗaya na farko ne abin lura, don haka ungozoma ke ta maimaita hura iska da 'yar jakar roba a kan jaririn roba, har hannunta ya saba. Wasu darussan ta waya ake yin su: Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe OpenWHO kyauta a 2017. Majalisar da ke kula da aikin nas da ungozoma a Najeriya ma ba ta sabunta lasisi sai da shaidar ƙarin horo.

Sai dai ku kula, wannan takarda ƙari ce ga mai lasisi. Kwas ɗin mako biyu ba ya mai da ɗan sakandare nas, ko da an ba shi farar riga. Hanyar tana farawa da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fizik. Duk makarantar da aka tallata muku, kafin iyayenku su biya ko sisi, a bincika ko majalisar ta amince da ita.